Gidan Gado

Gidan mahaifinmu da ke cikin birnin Kano ginin ƙasa ne, mu magada kuwa mun fi ɗakunan yawa. Dole aka mai da shi kuɗi kafin ya rabu.

A kotu, alƙali ya ce a fara biyan bashin mamaci, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Abin da ya rage shi ne gado: matan Baba biyu su raba tumuni, ɗa namiji ya ɗauki rabon 'ya'ya mata biyu. Lissafin bai ba kowa wuya ba. Jiran ne ya yi nauyi.

Iyayenmu mata suna takaba, wata 4 da kwana 10, ba mai iya tada maganar sayarwa a gabansu. Ana cikin haka damina ta sauka, indararo ya karye, katangar zaure ta tsage. Wa zai gyara gidan da kowa ke da haƙƙi a ciki amma ba wanda ya mallaka? Yayanmu ya ɗauki nauyin, yana rubuta kowace naira a littafi, har ladan mai yaɓe. A ganina littafin nan ne ya hana zargi shiga tsakanin 'yan uba.

Da aka yi wa gidan ƙima, an fara yi wa magada tayi, amma ba mai hali a cikinmu. Dillalai suka yi ta zarya, kowa na hangen la'adarsa. Maƙwabcinmu ne ya saya, ya kuma ba tsofaffin wa'adi har bayan babbar Salla kafin su tashi.