Reshen da za ki sa wa aku

Uwargida, in yara sun matsa miki har kin sayo aku, ki duba sandar da ke cikin kejinsa. Ba tsayawa kawai yake a kanta ba, yini yake yana gwaguyarta kamar jariri mai fitar da haƙori.

Ni reshen gwaiba nake yanko wa namu, daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba. In wanke shi tas, in shanya a rana ya bushe. Ragowar katakon kafinta kuwa ban yarda da shi ba, don ana shafa masa maganin gara, tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Mu ma'aikatan jinya mun san illar dalma ga yaro, balle ɗan tsuntsu.

Itacen fiya guba ne ga aku. Tumfafiya ma kada ta kusanci kejin.