Mai Gida da Dillalinsa: Alhakin Rarar Kuɗin Haya a Wuyan Wa?

Kalmar "mai gida" tana daga cikin kalmomin Hausa da suka rame ba tare da an lura ba. A harkar fatauci ta da, mai gida shi ne wanda baƙo ke sauka a wurinsa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, sannan ya tsaya masa lamuni. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a Kumasi cikin maƙalarta ta 1966, shi kuma Abner Cohen ya nuna yadda yake gudana a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. A kasuwar shanu ta can, bashi ake ba mahauta. Idan mahauci ya ci kuɗin, mai gida ne ke biyan mai shanu, ko da kuwa dillalinsa ne ya ƙulla cinikin shi yana gida kwance. Dillalin nasa ne, don haka sakacin dillalin ma nasa ne.

Mai gidan haya na yau ya gaji sunan, amma ya ajiye nauyin. Na ga haka a Bodinga da Shagari lokacin da nake tattara kalmomin dillanci domin kundin digirina na biyu. Garuruwan biyu suna bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma kowanne hedikwatar ƙaramar hukuma ce, saboda haka ba sa rabo da baƙin aiki: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan sanda, masu yi wa ƙasa hidima, sai kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu. Masu gidajen da dama suna zaune a birnin Sakkwato ko wani wuri mai nisa, sun bar makullai a hannun wani. Wasu na kiransa dillali, wasu wakili, matasa kuma su ce ejan. Kalmomin uku ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma a cikin wannan ruɗani ake cin kuɗin mutane.

Wata 'yar'uwata malamar firamare ta kama ciki da falo a Shagari. Mai riƙe da makulli ya ce mata Alhaji ya yanke naira dubu 80 a shekara, ban da la'ada. Ta biya shekara biyu a haka. Sai a wajen wata ta'aziyya matar mai gidan ta ambata, ba da wata manufa ba, cewa dubu 60 suke karɓa. Na raka ta Sakkwato. Dattijon ya saurare mu da mutunci, sannan ya ce, "Ɗiyata, wallahi ban san wanga zance ba. Ki tai ki iske shi." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai ku kunka aje shi." Ban ji wata hujja ta shari'a da ta fi wannan jumla ƙarfi ba. Na yarda dattijon bai sani ba. Sai dai rashin sanin nasa zaɓi ne: shekara biyu bai taɓa tambayar nawa ake karɓa da sunansa ba, muddin nasa ya iso cif. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bodinga ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu Usmanu yake Sifawa, kafin Shehun ya koma Sakkwato a 1815, kuma littattafan Malikiyya da suka karantar, irin su Muhtasar na Halil, suna da babi guda a kan wakilci. A fiƙihu wakili amintacce ne, aikinsa aikin wanda ya wakilta ne matuƙar bai ƙetare iyakar da aka gindaya masa ba. Idan aka ce ya sayar a kan kaza, ya sayar a sama da haka, rarar ta mai kaya ce. Amma al'adar nan da dillalai ke fakewa da ita, wato mai kaya ya ce a kawo masa kaza, abin da ya hau na dillali ne, malamai sun yi saɓani a kanta. An ruwaito halaccinta daga Ibn Abbas, Imam Ahmad ma ya bi haka, mafi yawan malamai kuwa sun ƙi ta saboda ladan aikin ba sananne ba ne. To, mai gida yana tsakanin biyu ke nan. In bai yi wa dillali izinin cin rara ba, kuɗin da aka karɓa da sunansa haƙƙinsa ne ya bi sawunsu. In kuwa ya yi izini, to ya sani.

Akwai inda fiƙihun bai taimaki ɗan haya kai tsaye ba, kuma gaskiya ce a faɗa. Wanda ya ga ɗaki ya yarda da farashi, ciniki ya ƙullu. Abin da ya ba 'yar'uwata ƙafar tsayawa shi ne ƙaryar da aka jingina wa Alhaji, wato yaudara. Da dillalin ya ce kurum kuɗin ɗaki dubu 80 ne, da maganar ta yi wuya.

Wannan gurbi ne dokokin ƙayyade haya suka yi ƙoƙarin cikewa. Bayan hauhawar farashin da ta biyo ƙarin albashin Udoji, gwamnatin soja ta kafa kwamitin duba kuɗin haya a 1976, jihohi da dama suka fitar da dokoki tare da kotunan haya. Hikimar irin wannan doka ita ce, da zarar an sa iyaka, abin da ya haura haramtacce ne ko ɗan haya ya yarda ko bai yarda ba, domin yardar wanda ba shi da wurin kwana ba cikakkiyar yarda ba ce. A birnin New York na Amurka, mai gidan da ya karɓi fiye da ƙa'ida da gangan yana iya biyan ninki uku na rarar. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ba ta yanke farashi ba, amma ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a gaba, ta ambaci mai gida da wakilinsa a jumla guda, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Ta kuma wajabta ba da rasit, ta ce wanda ya ɗauko ƙwararre shi zai biya shi. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, don a wurinmu mai gida ne ke ɗauko dillali, ɗan haya ne ke biyan la'ada.

Dokokin 1976 ba su yi tasirin da aka so ba, domin inda ɗakuna suka yi ƙaranci mai nema ba ya kai ƙarar mai bayarwa. Shehu Shagari, ɗan wannan gari, ya bi ta wata hanyar a mulkinsa na 1979 zuwa 1983, ya sa aka gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Abin da ɗan takaici a ce a mahaifarsa malamar firamare na asarar dubu 40 a kan ciki da falo.

Ba na jin Bodinga da Shagari na buƙatar sabuwar kotu kafin a gyara wannan. Alƙalan kotunan shari'a da masu unguwanni suna nan, kuma su ake kai wa irin wannan ƙara. Abin da nake so su daina karɓa shi ne "ban sani ba" a matsayin amsa. Ɗan haya ba shi ya zaɓi dillali ba, ba shi da ikon sallamarsa, sau da yawa ma bai san inda zai same shi ba idan ta ɓaci. Mai gida ne ke da duk wannan. Don haka shi ya kamata ya mayar da rarar, sannan ya bi yaronsa bashi, kamar yadda masu gidan Sabo suke yi. Rasit kuma ya fito da sunan mai gida da sa hannunsa, kuɗin haya a layi ɗaya, la'ada a wani layin daban, a gaban shaidu biyu.