Garmahon Baba

Ranar da muka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a shekarar 2014, babu wanda ya ko kalli baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin gadonsa. Ni kuwa na san shi sarai, domin ina yaro na sha dundu a kan taɓa shi. Garmaho ne, irin mai mariƙi da ake ɗauka kamar akwatin tafiya, wanda Baba ya sayo a Kumasi zamanin da yake fataucin goro. Da na ce a sa mini shi cikin rabona, sai babban wanmu ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da tarkace. Ɗauka, mun bar maka."

Ɗoki bai bar ni na tambayi kowa ba. A daren nan na kakkaɓe shi, na wana shi har ya ƙi motsi, na zaro wani babban faifan Alhaji Mamman Shata da Inna take matuƙar so, na ɗora masa allurar da na tarar a jiki. Abin da ya fito ba waƙa ba ce, ƙara ce mai sauri kamar ana koran mawaƙin. Kafin in ɗaga allurar ta riga ta yi wa faifan huɗa kamar garma a gona. Inna ba ta ce mini uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Rashin sani ya fi dare duhu. Na ɗauki akwatin na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Garin Kano. Ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Ɗana, ba tsufa ke kashe waɗannan ba, masu son su ne." Ya bayyana mini cewa faifan da na lalata na roba ne, mai juyi 33 a minti, wanda aka yi domin na'urar lantarki. Garmaho kuwa juyi 78 yake yi, kuma kan da ke riƙe allurarsa ya haura giram 100. Faifansa daban ne, mai kauri da nauyi, wanda ake yi da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a Indiya, kuma kowace fuska ba ta wuce minti uku da 'yan kai.

A wurinsa na koyi gane asalin abin da na gada. A cikin murfin akwai hoton karen nan da ke sauraron ƙaho, tambarin His Master's Voice na garin Hayes a Ingila. Amma ya gargaɗe ni cewa hoton kare ba shaida ba ce, don akwai na jabu masu ƙyalƙyalin ƙahon tagulla da ake harhaɗawa a Indiya ana manna musu shi. Sai ya cire farantin da faifai ke zama a kai, ya nuna mini lamba 102. Wannan samfurin ya fito a 1931, bayan mai lamba 101 na shekarar 1925. Ko ba lamba, in ji shi, a dubi kan allura: na 101 fatar da ke fitar da sauti garau take kamar gilashi, ta 102 kuwa ta siririn ƙarfe ce a bayan murfi mai huji-huji, ga kuma birki da ke tsayar da faifai da kansa in waƙa ta ƙare.

Gyaran ya ci mako uku. Girisin da ke cikin gidan sifirin ya daskare kamar kwalta, shi ke sa injin bugawa gif-gif. Ya hana ni buɗe wurin da kaina, wai sifirin in ya kufce yana iya datse yatsa. Ya canza robar da ta bushe a kan allurar, sannan ya kafa mini dokoki: allura ɗaya, fuskar faifai ɗaya, a yar. Kada a wana shi har ƙarshe, kuma a bar shi ya warware kafin a ajiye. Kada sifirit ya taɓa faifai, narkar da shi yake yi. Ƙyalle mai laushi ya isa. A jera faya-fayai a tsaye, nesa da rana. A rufe akwatin saboda ƙurar hunturu, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina.

Ranar da na dawo da shi gida, na zaɓi wani tsohon faifan goge cikin guda bakwai da suka rage, na sa sabuwar allura. Inna tana tsintar shinkafa sai ta tsaya cak. Can ta ce, "Wannan ya sa mini daren da ya dawo daga Gwanja, ina goyon yayanku." Ta share ido da bakin mayafi ta ce in sake sawa. Na canza allura na sake.

Faifan Shata dai ya tafi, yana nan na rataye shi a bango don kada in manta. Yanzu 'yata ce ke canza allura, kuma ba na yi mata dundu. Zaunar da ita nake yi in nuna mata. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.