Leda Mai Duhu da Gilashin Baya na Tsofaffin Motocin Gudu

Daga cikin ayyukan masu liƙa leda mai duhu a gilashin mota, babu wanda yake tona asirin gwaninta ko rashinta kamar gilashin baya na tsofaffin motocin gudu, wato ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da aka ƙera domin sauri da ƙawa. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 kamfanonin ƙera motoci sun yi yayin faffaɗan gilashin baya mai tudu, kamar yadda ake gani a Porsche 924 ta Jamus da ta fito a 1976, da Chevrolet Corvette ta Amurka samfurin 1978, da Camaro ta 1982. Irin wannan gilashi yana ƙawata mota, amma yana tara zafin rana a cikinta har kujeru da robobi su ƙoƙe, shi ya sa masu motocin suke neman a rage masa haske.

Tushen wahalar yana cikin siffar gilashin. Gilashin ƙofa yakan lanƙwasa ta fuska ɗaya ne kawai, saboda haka leda takan kwanta a kansa ba gardama, amma na baya ya lanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, kuma daga dama zuwa hagu, a lokaci guda. Ita kuwa ledar, wadda ake yi da siraran shimfiɗu na robar foliyesta da gam a gefe ɗaya, a miƙe take fitowa daga masana'anta, kuma duk wanda ya taɓa naɗe bayan ƙwarya da takarda ya san dole ne rara ta tattare a gefe. Waɗannan tattarori masu tsini su ne masu sana'ar suke kira yatsu.

A da ana kauce wa matsalar ne ta hanyar yanka ledar gida uku ko huɗu a kwance, a ɓoye mahaɗar a kan layukan ɗumama gilashi, wato siraran zanen nan masu ɗaukar lantarki da suke kore raɓa da ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Daga baya dabarar tsuke leda da zafi ta yaɗu, inda ake shimfiɗa ta a wajen gilashin, a kora rarar zuwa sama da ƙasa, domin ta tsawon naɗinta ne leda take tsukewa, sannan a bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da na'urar hura iska mai zafi ana dannewa da faifan roba, har ledar ta ɗauki tudun gilashin. Sai bayan haka ake yanke ta daidai, a ɓare siririyar rigar da ta rufe gam ɗin, a fesa ruwa mai ɗan sabulu, a liƙa ta ta ciki, a matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Idan zafi ya yi yawa ledar ta ƙone, idan aka danne yatsa kafin ya nuna ya zama karaya wadda ba ta gyaruwa.

Tsufan motar yana ƙara wani nauyi. Sau da yawa akan tarar da tsohuwar leda wadda rininta ya ƙoƙe ya koma shunayya, gam ɗinta ya bushe ya yi ƙuraje, kuma wanda ya kankare ta da reza zai tsinke layukan ɗumamawa, tun da a fuskar ciki aka buga su. Saboda haka ake tausasa gam ɗin da tururi a ɓare a hankali. Haka kuma gilashin baya galibi gasasshe ne, wato wanda aka ƙarfafa da wuta, ba ya tsagewa a tsaya, sai dai ya tarwatse gaba ɗaya, kuma samun madadinsa ga motar da ta haura shekara 40 yana da wuya da tsada.

Zaɓin leda ma yana buƙatar sani. Ana auna duhunta da kason hasken da yake ratsa ta, ta yadda mai kashi 5 cikin 100 ta fi mai kashi 35 duhu nesa ba kusa ba, amma duhu ba shi ne ma'aunin kare zafi ba, domin leda mai ƙwayoyin tangaran takan tare zafi fiye da mai rini ko da ta fi ta haske. Mai ƙarfe a ciki kuwa takan dame siginar rediyo idan eriya tana jikin gilashin. Doka ma ta bambanta: Birtaniya ta wajabta gilasan gefe na gaba su bar kashi 70 na haske ya wuce ba tare da ta ƙayyade na baya ba, yayin da dokar Najeriya ta 1991 ta hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, leda araha ce kuma ana iya sake ta sau goma, gilashin ne ba a sakewa cikin sauƙi. Don haka kafin ya tambayi mai aiki farashi, ya fara tambayarsa yadda zai cire tsohuwar leda da yadda zai tsuke sabuwa, domin a amsar waɗannan tambayoyi biyu ake gane wanda ya cancanci a ba shi makullin motar.