Dogon Hutu a Yerwa: Inda Ƙungiyoyin Ɗalibai Ke Dosa

Duk wanda ya bi hanyar Bama daga tsakiyar birnin Maiduguri a makon da aka ƙare jarrabawar ƙarshen shekara, zai tarar ƙofofin jami'a sun cika maƙil da Keke Napep da ƙananan motoci, ana ta ɗora akwatuna da katifu da risho da bokitai. Bayan kwana uku ko huɗu sai wurin ya yi tsit. Masu abinci da masu buga takardu na unguwar Mairi, wadda ke maƙwabtaka da jami'ar, su rage buɗe rumfunansu, inuwar bishiyoyin darbejiya kuma ta koma ta masu gadi da tsuntsaye. Dogon hutu ke nan ya kama. To, ina dubban samari da 'yan matan nan suke dosa, kuma me ƙungiyoyinsu ke yi da waɗannan makonni?

Ita dai Jami'ar Maiduguri an kafa ta ne a shekarar 1975, ta gaji gine-ginen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Jihar Arewa Maso Gabas. A watan Yuli na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar sanya mata sunan marigayi Muhammadu Buhari. Tun farkonta matattara ce ta Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani, ga kuma 'yan Kudu da 'yan Kamaru da Chadi da Nijar. Inda baƙi suka taru haka, dole kowa ya nemi nasa, daga nan ƙungiyoyi suke tsirowa.

A Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai maza, masu sunaye da haruffan Girkanci, waɗanda asalinsu ya faro tun 1776. 'Ya'yansu kan zauna gida guda, in hutun bazara ya zo kuma su watse, waɗansu koyon aiki a kamfanoni, waɗansu babban taron ƙungiya, waɗansu yawon buɗe ido. A Nijeriya makamanciyar wannan ta fara ne a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, lokacin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates. Waɗansu da suka ɓalle daga baya suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin asiri masu zub da jini. A Yerwa kuwa, watau sunan da mutanen gari ke kiran Maiduguri, ƙungiyoyin da ke da nauyi a idon ɗalibi iri uku ne: ta 'yan gari ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, ta addini, da ta sashen da mutum ke karatu.

Yadda Aka Saba A Da

A shekarun farko tsarin karatu a tsaye yake. Ana komawa a watan Oktoba, a tashi a ƙarshen Yuni, hutu ya ɗauki Yuli da Agusta da Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Barno. Ɗalibi ya san ranar tafiyarsa, ubansa ma ya san ranar da zai sami ƙarin hannu a gona. 'Yan nesa su nufi tashar jirgin ƙasa, domin layin dogo ya iso Maiduguri tun 1964, 'yan kusa kuwa su shiga motocin Bama da Gwoza da Biu da Monguno da Dikwa.

A wannan lokaci ne ƙungiyar 'yan gari ɗaya ke nuna amfaninta. Shugabanninta su je gaisuwa wurin hakimi, su roƙi hedimasta aron azuzuwan firamare, su tara yaran gari suna koya musu Turanci da lissafi da kimiyya kyauta, musamman masu shirin jarrabawar fita sakandare. A ƙarshen hutu a yi wasan ƙwallo da muhawara da wasan kwaikwayo, a raba kyaututtuka. Yaro da yawa a ƙauyukan Barno bai taɓa ganin ɗan jami'a ido da ido ba sai a irin wannan aji, kuma daga nan sha'awar karatu mai zurfi ta shige shi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, tana da nata zaman ƙara ilmi na lokacin hutu, haka ma ƙungiyoyin ɗalibai Kirista suna da tarurrukansu.

Da Gida Ya Taso Ya Zo Birni

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009, shi ya rushe wannan tsari. A 2014 Gwoza ta faɗa hannun 'yan bindiga, sa'an nan Bama, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 70 daga birnin ba. Ɗalibin da ya saba ɗaure kaya ya tafi gida sai ya wayi gari iyayensa da ƙannensa sun riga sun iso Maiduguri, waɗansu a gidajen dangi, waɗansu a sansanin Bakassi, waɗansu a sansanin Dalori da ke kan hanyar Bama, jifa kaɗan daga jami'ar. Ga hutu, amma babu garin da za a je.

Ita kanta jami'ar ba ta tsira ba. Ran 16 ga Janairu, 2017, bam ya tashi a wani masallaci da ke cikinta, ya kashe Farfesa Aliyu Mani na sashen likitan dabbobi. A wannan shekarar aka haƙa rami mai tsawon kimanin kilomita 27 a kewayenta, a watan Yuli kuma aka yi wa ma'aikatanta masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri. Duk da haka ba a rufe ta saboda waɗannan hare-hare ba, abin da ma'aikatanta da ɗalibanta ke alfahari da shi har yau.

Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya kuwa sai suka bi jama'arsu inda take. Darasin hutu ya koma makarantun unguwanni da rumfunan sansani, ziyarar hakimi ta koma gidan da yake zaman hijira a cikin birni, kuɗin da ake tarawa don wasan ƙwallo ya koma na sabulu da littattafai da kai marar lafiya asibiti. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, to a nan ƙafar ba ta yi nisa ba, amma nauyin ya ninka. Daga 2021 gwamnatin jiha ta shiga rufe sansanonin birnin tana mayar da mutane garuruwansu, saboda haka tafiya hutu gida ta farfaɗo ga waɗansu, ko da yake matafiyi yakan tambayi labarin hanya kafin ya shiga mota, kuma ba ya yarda dare ya riske shi.

Neman Kuɗin Komawa

Ga ɗalibai da dama hutu lokacin neman kuɗin rajista ne, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada. An hana hawa babur a birnin tun 2011, don haka mai neman na kansa yakan karɓi Keke Napep a hannun wani yana biyan balas kullum. Waɗansu suna tsaron shagon ɗan'uwa a Kasuwar Monday, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairu na 2023 aka sake gina ta. Waɗansu suna ɗaure kwalayen bandar kifi a kasuwar hanyar Baga, waɗansu gyaran waya, waɗansu ɗinkin hular Bama. 'Yan mata kuwa suna haɗa turaren wuta da humra suna tallata su ta waya har Kano da Abuja. A nan ma ƙungiya tana da rana, domin tsohon ɗan ƙungiya da ya kama aiki shi ke yi wa na baya hanya. Babu mai ganin wannan abin kunya ne, tun da Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a jami'ar kafin ya zama gwamna a 2019, ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi tuƙin motar haya.

Wata matsalar ita ce hutun kansa ba shi da tsayayyen lokaci yanzu. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sakamakon haka dogon hutu yakan faɗo a hunturu ko a tsakiyar zafi, wani lokaci ma bai fi 'yan makonni ba. Ƙungiyar da ba ta san ranar tashi ba, da wuya ta shirya darasi, ga shi kuma hutun yaran da za a koyar ba lalle ya zo daidai da na masu koyarwar ba.

Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Gwange da fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Matasan gari, cikinsu har da ɗalibai, su ne suka yi ta fito da tsofaffi da yara, suna rabon dafaffen abinci. Waɗanda suka riga suka san juna a ƙungiya, suna da shugaba da ma'aji da lambobin wayar juna, sun fi saurin haɗa hannu.

Sai dai ba a rasa abin tsoro. Matashin da ya yi wata biyu yana zaman majalisa daga safe har dare, ba aiki ba kuɗi, shi ne abin farautar dillalin ƙwaya da ɗan siyasa mai neman 'yan rakiya. Akwai kuma ƙungiyoyin da aikinsu na hutu bai wuce kai wa manya lambar yabo a karɓo ambulan ba. Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomi da masu unguwanni su riƙa bambancewa. Ƙungiyar da ta zo da jerin sunayen yaran da za ta koyar, a ba ta aji da alli da kuɗin mota. Hukumar jami'a kuma ta riƙa sanar da ranakun hutu da wuri, ta ba ɗalibin da ya koyar takardar shaida da zai nuna gaba. A jihar da aka ƙone ɗaruruwan azuzuwa aka kashe malamai masu yawa, ɗan jami'ar da ya yarda ya tsaya gaban allo na mako shida ba abin da za a bari ya tafi a banza ba ne.