Kafanchan: Inda Kowace Ƙabila Ke Riƙe Da Sunanta

Baƙon da ya sauka Kafanchan, garin da mahaɗar jirgin ƙasa ta raya tun 1927, Hausa zai ji a kasuwa da tasha da coci. Amma in ya kira mutum Bakaje, sai a gyara masa cikin ladabi, a ce Bajju ne. Haka Katab su ne Atyap, Jaba kuwa Ham.

Sunayen farko maƙwabta ne suka laƙaba musu, Turawan mulki suka shigar a takarda. Irin haka ya sami mutanen Wales a Birtaniya: sunan da Ingilishi suka ba su asalinsa na nufin baƙo, alhali su Cymry suke kiran kansu. A 1995 Bajju da Atyap suka sami masarautunsu, kowacce da sunan sarauta cikin harshenta.

Ran 1 ga Janairu kowace shekara, 'yan Kagoro mazauna Kaduna da Legas sukan komo gindin dutsensu domin bikin Afan, da kwari da baka da ƙaho. Damuwar dattawa ita ce, yaran da aka haifa a birni da yawa sun iya rawar, amma harshen ya kuɓuce musu.