Ranar da na sa aka narke munduwar Inna

Yau ba labarin gari na kawo muku ba, nawa ne.

Munduwar azurfa guda Inna ta bar mani, Allah ya jiƙanta, ita ma ta karye biyu. Shekara 4 tana ƙasan akwati. Da aka sa ranar auren ƙanwata, na kai ta wurin wani maƙerin Buzaye a Wadata, can Yamai, na ce ya mayar da ita abin wuyan nan na Agadas, wanda Nasara ke cewa croix d'Agadez.

Ya auna ta a ɗan sikeli, ya dube ni: "Malam, in ta shiga wuta ba ta dawowa fa." Na ce a yi.

Ni na zaci azurfar zai fara bugu. Ina! Kakin zuma ya ɗauko, ya ɗumama bakin garwashi, yana murzawa da yatsa yana gyarawa da ƴar wuƙa, har siffar ta fito: zobe a sama, kusurwa uku a ƙasa. Ya liƙa mata ɗan wutsiya na kaki, ya lulluɓe duka da laka da aka kwaɓa da kashin jaki, wai don kada ta tsage a wuta. Ya ce in dawo gobe, sai ta bushe.

Washegari ya gasa lakar. Kakin ya narke ya tsiyaye ta hanyar wutsiyar nan, ya bar gurbinsa a ciki, fanko. Ashe abin da muka karanta a lakwal ke nan, cire perdue, kakin da ya ɓace.

Sannan ya jefa munduwar cikin ɗan kasko, yaronsa na zuga. Azurfa sai ta wuce digiri 900 take narkewa. Ina tsaye, zanen da na sani a hannun Inna tun ina ƙarami ya lanƙwashe, ya zama ruwa. Wallahi sai da na kau da kai.

Ya zuba cikin gurbin, ya bari ya huce, ya fasa lakar da guduma. Sau ɗaya ake aiki da ita. In iska ta maƙale a ciki, sai a koma tun daga kaki. Abin ya fito baƙi ƙirin, ba kyan gani. Goge shi da zana shi kuwa sun ci yini guda. Kuɗin aikin da ya faɗa, ni da na saba ciniki har a kan dala, ban rage ko tamma ba.

Amarya ta sa shi ranar buki. Gwaggonmu ta kama shi, ta juya, ta juya, ta ce: "Wannan azurfar tsohuwa ce. Ina ka samo ta?" Na ce mata sai an watse mu yi magana. Har yau ban je ba.